Bugu na Biyu

Shekara goma sha ɗaya ina suyar ƙosai da aloko, wato soyayyar ayaba, a gaban makarantar Malam Badaruddeen da ke unguwar Bracodi a cikin Adjamé, saboda haka in ana maganar abin da ya faru a gidan nan, kada wanda ya ji a bakin wani ya zo yana gyara mini zance. Sunana Hajo. Daga kaskona zuwa ƙofar makarantar taku ashirin bai cika ba. Duk yaron da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta gabana, ko ya saya ko ya haɗiyi yawu ya wuce.

Makarantar bene ce, aji shida a ƙasa, shida a sama, matakala ɗaya tal. Da safe a yi Faransanci, bayan azahar a yi Larabci da Alƙur'ani. 'Ya'yan 'yan kasuwa ne suka cika ta, na Kano da na Maraɗi da na Tawa, irin yaran da za ka yi musu Hausa su amsa maka da Faransanci. Bangonta na baya manne yake da wani shagon katifun soso. Kowa ya san da haka, kowa kuma sai ya ce Allah ya kiyaye, ya ci gaba da sha'aninsa.

Mai gadinta shi ne Baba Nomau. Sunan ne kawai na noma, don rabonsa da fartanya ya fi shekara arba'in. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a wajen Madawa, ya yi dako a tashar jirgin ruwa, ya sayar da abincin rogo da kifin nan da ake kira garba, har ƙarfi ya fara janyewa ya samu kujerar gadi. Ɗaki ɗaya gare shi a wani gidan haya a unguwar Biafra, can Treichville, shi da jikarsa Jannatu mai shekara tara. Uwarta Sa'a ita kaɗai Allah ya ba shi, ta rasu Jannatu na goye. Uban kuwa ya yi arewa neman arziki, wayarsa ta daina shiga, shi ke nan. Abin da ya rage wa Nomau a duniya bai wuce yarinyar nan ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba.

Kullum da sassafe sukan hau bas su tsallako gada tare. In sun iso sai ya tsaya a wurina ya ce, "Hajo, ba Amarya ƙosai biyar, kada ta ce miji bai ciyar da ita." Ita kuma ta murguɗa baki ta ce ba za ta auri tsohon da ba shi da haƙori ba. Hausarta a karkace take, rabi da rabi da Faransanci, shi kuma ya yi ta gyara mata tana yi masa dariya. Ina ƙara mata ɗaya a kan biyar ɗin, ban taɓa faɗa masa ba.

A gindin matakala aka rataye wani tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota, wanda 'yan gareji ke kira janti. Shi ne ƙararrawar makarantar, Nomau ne mai buga shi da guntun rodi. Tun shekarar da wuta ta cinye wani ɓangare na kasuwa, Malam Badaruddeen ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sai ya kafa dokar gwajin gobara sau ɗaya a wata, abin da malamai ke kira egzarsis. Bugu biyu ne. Na farko a jere yake ba tsayawa, da an ji shi kowa ya sauko ya fito titi ya yi layi a jikin bangon da ke bayana. Na biyu kuwa sau biyu ne rak, a hankali, da ɗan jinkiri a tsakani. Ma'anarsa Nomau ya duba, babu kowa a ciki, an gama, a koma aji.

Da farko malamai kan kira suna a titi kafin a koma. To amma wa zai ji sunansa a Bracodi? Ƙananan bas ɗin gbaka na hon, yaran mota na ihun kiran fasinjan Yopougon da Abobo, mai kaset ya ƙure sauti, ga masu tura baro suna ratsa layin yara kamar ba su gan su ba. Bayan wata uku aka bar kiran suna. Ƙarfen Nomau ya zama shi ne rajista, kuma babu wanda ya ga aibin hakan, har da ni mai yawan surutu.

Bugu na biyun nan shi ne abin alfaharinsa. Yakan ce mini, "Na hwarko kowa na iya buga shi, ko mahaukaci. Na biyu shaida ce, Hajo. In na buga shi, na hwaɗa ma duniya babu ɗan kowa ciki. Ƙarhena bai taɓa ƙarya ba."

Yadda yake duba azuzuwan shi ne abin da ya kamata ku sani. A makarantar nan ba a shiga aji da takalmi, don a kan ledar da aka shimfiɗa ake sallar azahar, a nan kuma ake buɗe Alƙur'ani. Kowane aji da tulin takalmansa a bakin ƙofa. In an buga ƙarfe kowa ya suri nasa, don babu mai taka titinmu ƙafa ba takalmi, ga fasassun kwalabe ga ruwan kwata. Nomau kuwa gwiwa ta fara takura masa. Sai ya hau matakala ya tsaya a kanta, ya miƙa ido tsawon baranda. In ya hango takalmi a wata ƙofa, ya san akwai wanda ya maƙale, ya je ya fito da shi da kunne. In bai ga komai ba, ya sauko ya buga. Haka kowane Bahaushe ya tashi ya gani a gidan ubansa: takalmi a bakin ƙofa, mutum na ciki. Shekara takwas yana yin haka, ko sau ɗaya dabarar ba ta ba shi kunya ba.

A farkon wannan shekarar aka sace takalman Jannatu a bakin aji, sau biyu cikin wata ɗaya. Na biyun ta zo wurina da silifas ɗin wani, wari da wari, tana kuka tana cewa, "Tanti Hajo, on a volé takalmina ankor." Nomau ya ji kunya ƙwarai, mai gadi guda a ce jikarsa ake yi wa sata a gidan da yake tsaro. Ranar Asabar ya kai ta kasuwar Black Market, suka yi ta juya tulin gwanjo har ta zaɓi wasu fararen kambas masu ratsin ruwan hoda. Ran Litinin ta zo tana taku ɗai-ɗai kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Ya ce da ni, "Wanga ma in an ɗauke, ban san mi zan yi ba."

Ni ce na buɗe baki. Na ce, "Haba Baba, abin ai mai sauƙi ne. Ta cire a bakin ƙofa, ta sa a leda, ta jefa cikin jakarta ta shiga da su. Wa zai sani?" Na zaro baƙar leda daga cikin waɗanda nake ƙulla ƙosai na miƙa mata. Nomau ya yi dariya ya ce kan mace da dabara yake. Ya kama kunnenta ya ce, "Kin jiya, Amarya? Kada ki sake barin su waje, ko minti ɗaya." Ta ce ta ji. Yarinya ce mai jin magana, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Duk Litinin sai ta karɓi sabuwar leda a wurina.

Gwaji biyu aka yi bayan haka, kuma duka biyun ta fito da ƙafarta tare da 'yan ajinsu. Babu abin da ya sa wani cikinmu ya tsaya ya haɗa maganar ledar da maganar ƙarfen.

Ranar wata Talata ce. Jannatu ta iso idanunta jajaye, jikinta zafi rau, ta ƙi ƙosai. Na ce wa Nomau ya mayar da ita gida. Ya ce wa zai bar wa ita a Biafra, matan gidan duk sun fita kasuwa, gara tana kusa da shi, in an tashi ya kai ta likita. Ajinsu na sama ne, ƙofa ta uku. Malamarsu, Madam Afra'u, yarinya ce mai kirki da ba ta daɗe da fara aiki ba. Ta ba ta maganin zazzaɓi, ta shimfiɗa mata tabarma a bayan kabad ɗin littattafai inda hayaniya ba ta kaiwa, ta lulluɓe ta da gyalenta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Madam Afra'u ta sauko ofis karɓar takardun jarrabawa. Duk wannan daga baya na ji shi daga bakinta.

Ni na fara ganin hayaƙin. Baƙi ƙirin yake, mai kauri, yana tasowa ta bayan rufin makaranta daga shagon katifu. Na saki matsami na yi ihu na kira Nomau. Ya ɗaga kai sau ɗaya, ya ruga ya hau dukan ƙarfen nan kamar zai tsaga shi.

Gaskiya gwajin ya yi rana. Yara suka sauko a layi, kowa da takalminsa a hannu, wasu har dariya suke don sun ɗauka egzarsis ne. 'Yan ajin Jannatu malamin ajin kusa ne ya koro su tare da nasa, shi kuwa bai san da wata a bayan kabad ba. Madam Afra'u ta yi ƙoƙarin hawa, amma matakala ɗaya ce kuma yara ɗari uku ne ke saukowa a kanta. Suka turo ta har titi. Ta tsaya tana ɗage tana neman 'yan ajinta cikin taro, tana gaya wa kanta ai ƙawayen Jannatu sun tashe ta.

Da matakala ta yi sarari, Nomau ya toshe hanci da hularsa ya hau. Hayaƙi ya fara shiga baranda, amma ana gani. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya miƙa ido. Ƙofa shida, babu ko warin silifas. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ban faɗi haka don in zage shi ba, don ni ma a turken nake. Ya sauko yana tari, ya ɗauki rodi, ya buga sau biyu, a hankali, da jinkirin nan nasa a tsakani.

Na ji yadda titi ya sauke numfashi. Madam Afra'u ta dafa ƙirji ta ce alhamdu lillahi. Ni ma na faɗa. 'Yan ƙananan aji kuwa da suka ji bugun da suka sani, sai suka juya suka nufi ƙofa za su koma aji, yadda aka koya musu. Nomau ya tare ƙofar da jikinsa yana kora su baya. Kafin ka ce kwabo iyaye sun cika wurin, daga Black Market, daga tasha, daga ko'ina, kowa na ƙwala kiran sunan nasa, in ya samu ya fizge shi ya yi gaba. Layi ya watse. Ko da akwai mai niyyar ƙirga yara, babu sauran abin ƙirgawa.

Motar 'yan kwana-kwana ta ratso cunkoson Adjamé da ƙyar. Babbansu na dira, abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai mutum a ciki. Malam Badaruddeen ya ce babu, mai gadi ya duba ya buga. Mutumin ya sake tambaya, Malam ya sake ba shi amsa ɗaya. Sai suka ja bututunsu suka zagaya baya wurin shagon, inda wutar take neman tsallakawa layin masu kayan lantarki. Aikinsu suka yi bisa abin da aka gaya musu.

An fi rabin awa kafin Nomau ya samu kansa. Ya zo wurina yana share fuska, don a nan Jannatu ke tsayawa duk ranar gwaji, a gefen buhun gawayina.

Ya ce, "Ina Amarya?"

Na ce, "Ba ta zo nan ba. Na ɗauka tana wurin madam ɗinsu."

Madam Afra'u na kusa, ta juyo. Ta ce, "Ba tana wurinka ba, Baba? Na kwantar da ita bayan kabad. Amma ai ka duba. Ka buga."

Ya ce, "Na duba. Babu takalmi ko ɗaya a ƙoh..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya sauka a kan ƙullin baƙaƙen ledojin da ke rataye a jikin teburina, nawa idon ma ya bi nasa. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Tsohon da gwiwa ta hana shi shiga aji shida, ranar na ga ya yi gudu. Maza uku ne suka riƙe shi a gindin matakala, don a lokacin baranda ba a ganin komai sai baƙi. Wani ɗan kwana-kwana ya kafa tsani ta titi ya fasa taga ya shiga. Da ya fito da ita, wuta ba ta taɓa ko gashin kanta ba. Hayaƙin soso ne kawai ta shaƙa. Tana rungume da jakarta, sai da aka ɓamɓare yatsunta kafin a sa ta a mota.

Wani asibiti a Treichville aka kai ta. Na rufe kasko na bi su, kwana uku ban kunna wuta ba. Likitoci sun yi iya yinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Nomau ya zauna a kan benci a bakin ɗakin, jakar na kan cinyarsa, ba ya cin komai, in lokacin salla ya yi ya tashi ya yi ya dawo. Na kawo masa kunu ya huce a gabansa.

A rana ta biyu bayan azahar ta buɗe ido, aka ce mu shiga mu biyu. An rufe mata hanci da baki da robar iska. Ta ɗaga hannu ta janye ta kaɗan, muryarta kamar ana jan takarda a ƙasa.

Ta ce, "Kaka."

Ya ce, "Na'am, Amarya. Ga ni."

"Takalmina?"

Ya buɗe jakar ya zaro ledar ya nuna mata. Ta yi ɗan murmushi. Ta ce, "Ban bar su waje ba."

Ya ce, "Na gani. Kin kyauta."

Da ta tsaya a nan, da wataƙila tsohon ya rayu da abin. Amma yaro ba ya sanin nauyin maganarsa. Ta huta, ta sake janye robar. Ta ce ta ji bugu na farko ta farka, ta ga aji babu kowa. Ta ɗauki jaka ta tashi, kanta na juyawa, ta dafa bango ta kusa kai ƙofa. Ta ji warin hayaƙi, ta ce a ranta na Tanti Hajo ne.

"Sai na ji ka buga na biyu," ta ce. "Na ce c'est fini, Kaka ya ce babu komai, yanzu za su dawo. Sai na koma na kwanta."

Ma'aikaciyar jinya ta mayar mata da robar ta ce mu fita haka nan. Nomau ya fita da baya, yana kallonta. A baranda ya tsaya ya dafa bango, na ɗauka zai faɗi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ta yarda da ni, Hajo."

Washegari bayan la'asar ta cika.

Gidansu na Biafra ya cika da mutane. Hausawa na cewa Allah ya ba da haƙuri, maƙwabta Jula da Bawule na cewa yako, Baba, yako, wato sannu a bakinsu. Kowa da irin tasa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kwananta ne ya ƙare. Na san gaskiya ne, ban musa wa Allah ba. Amma duk wanda ya faɗa sai in ji kamar in watsa masa man suya, don kwanan nata da hannunmu muka naɗe shi muka sa a leda. Babu wanda ya zargi Nomau a fili, ni ma babu wanda ya zarge ni, don ban da shi babu wanda ya san bakin da shawarar ta fito. Na so a ce wani ya zage ni. Madam Afra'u ta ajiye aiki a makon, aka ce ta koma wurin iyayenta a Bouaké.

Wata biyu makaranta na rufe. Aka gyara rufi, aka yi fenti, aka ƙara matakala ta ƙarfe ta waje, mai shagon katifu ya tashi. Duk abin da aka ce babu halin yi shekara da shekaru, cikin wata biyu aka yi shi. Malam Badaruddeen ya rame, ya rage faɗa. Mutane sun ba shi shawara ya sallami Nomau, ya ƙi. Ya ce in ya raba tsohon nan da ƙofar nan, kashe shi ya yi. Nomau ya dawo kujerarsa, yana tsallako gada shi kaɗai. Yakan gaishe ni, in gaishe shi, ba ma haɗa ido.

Mako biyu da buɗewa aka ce jami'ai za su zo su ga gwajin gobara da idonsu kafin su sa hannu a takarda. Mutum biyu suka zo, mace da namiji, da manyan fayiloli. Sabuwar doka ita ce kowane malami ya fito da rajista, a kira suna ɗaya bayan ɗaya ko da za a wuni, mai gadi kuma ya shiga kowane aji da ƙafarsa. Ƙarfe goma Malam ya ɗaga wa Nomau hannu. Ya buga na farko lafiya lau. Yara suka fito, wannan karon babu mai dariya. Suka jeru a bayana, rana na dukansu.

Nomau ya hau sama da wata 'yar jaka a hannu. Ina hango shi ta tsakanin ƙarafan baranda yana shiga aji yana fitowa, yana jan ƙafa. Ya daɗe. A titi aka kira suna aka gama, kowane aji ya cika cif. Ajin ƙofa ta uku ma ya cika, arba'in da ɗaya, tunda an riga an ja layi a kan suna na arba'in da biyu. Sabon malaminsu ya ɗaga rajista sama ya ce complet. Jami'an suka gyaɗa kai suka rubuta.

Nomau ya sauko ya tsaya a gaban ƙarfen, rodi a hannunsa. Malam Badaruddeen ya ce, "Bismilla, Baba. Buga mu koma."

Bai motsa ba.

Malam ya matso ya rage murya. "Baba Nomau, baƙi na jira. An ƙirga, kowa ya fito."

Ya ce, "Ban iya bugawa, Malam."

"Me ya faru?"

"Da takalmi a bakin ƙohwa. Da mutum ciki."

Malam ya ja da baya ya ɗaga kai, ni ma na ɗaga. A bakin ƙofa ta uku ga fararen kambas nan masu ratsin ruwan hoda, an jera su daidai, bakinsu na kallon cikin aji. 'Yan ajin suka gane su kafin kowa. Wata yarinya mai suna Firdausi, wadda suke zama benci ɗaya da Jannatu, ta fashe da kuka, na kusa da ita suka kama.

Malam ya miƙa hannu zai karɓi rodin. Nomau bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, ya dai ƙi saki. Ya ce, "Na yi shaidar zur sau ɗaya. Ban ƙarawa." Malam ya tsaya yana kallonsa, sai na ga ya juya baya ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga. Jami'ar ta tambayi abokin aikinta da Faransanci me ke faruwa, babu wanda ya fassara mata.

Daga ƙarshe wani malami ya zaro usur ɗin wasan ƙwallo ya busa, ya ce a koma aji. Yara ba su motsa ba. Ba su san usur ba, ƙarfe suka sani, kuma duk idonsu na kan hannun Nomau. Sun fi minti goma a rana suna jira. Sai da malamai suka bi layi-layi suna tura su ta kafaɗa, sannan suka shiga, shiru, kowa da takalminsa a hannu. 'Yan ƙofa ta uku suka raɓa ta gefen kambas ɗin, babu wanda ya taɓa su.

Tun ranar usur ake busawa in an gama gwaji. Ƙarfen na nan a rataye, Nomau na buga shi na shiga da na tashi, amma sau biyun nan a hankali ba a sake jin sa a Bracodi ba.

Ranar dai, da aka tashi da la'asar makaranta ta watse, na ga ya hau sama a hankali yana dafa bango. Ya sauko da takalman a hannu, ya tsallako titi ya tsaya a gaban kaskona. Karo na farko ke nan da ya dube ni ido cikin ido tun asibiti.

Ya ce, "Hajo, ba ni leda. Kada a ɗauke mata su."

Na zaro ɗaya na ba shi.